Tsakanin Ɗan'uwa da Ƙane

Na san abin da aka gaya muku, don Zongon Kumasi ba ta iya riƙe magana a ciki. Ke Sakina a Tamale labarin ya same ki, kai kuwa Bashir har Italiya ya bi ka ta waya: wai ubanku ya shiga coci bayan rasuwar uwarku, wai an gan shi da gicciye a wuya, wai har suna an sake masa. Babu ɗayanku da ya tambaye ni ido da ido, na kuma san kunya ce ta hana ku. To bari in amsa tambayar da ba a yi mini ba, tun ina da sauran gani da ƙarfin riƙe alƙalami. Ban taɓa barin sallah ba, ban taɓa rataya komai a wuyana ba sai carbi. Abin da na yi karatu ne, karatun kuwa ya raba ni da yayana, Alhaji Tanko, wanda kuke kira Baba Babba.

Shekarar da nake magana ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Rabi, uwarku. Na riga na yi ritaya daga koyarwa, ku kuma kowa ya kama gabansa. Ina nan a ɗakina na gidan gado, gidan da kakanku ya gina da cinikin albasa bayan ya zo daga Ƙonni. Gida cike yake da mutane: Yaya da iyalinsa, jikoki, 'yan haya a ɗakunan baya, da Goggo Asibi, ƙanwar kakanku, wadda ido ya ƙi amma kunne bai ƙi ba. Daga asuba har isha'i ba ka rasa hayaniya, daka a nan, rediyo a can, mai koko na kira a ƙofa. Amma mutum yana iya zama a tsakiyar wannan duka ya wuni bai yi magana da kowa ba, in ka cire gaisuwa. Kun san halina, ni mutum ne mai son kalma. In yaro ya ce "mamana ya tafi kasuwa", irin Hausarmu ta Zongo da ba ta raba mace da namiji, sai na tsayar da shi na tambaye shi yaushe uwar tasa ta fitar da gemu. Kakanku ne ya sa mini wannan, don shi bai yarda a ɓata Hausa a gabansa ba. Rabi kaɗai ke jure wannan surutu nawa. Takan zauna tana tsintar shinkafa ina yi mata bayanin bambancin "komo" da "dawo", ta ce to, ta ce ashe, ko da hankalinta na kan tukunya. Sai da ta tafi na gane cewa "to" da "ashe" ɗin nan su ne abokan hirata shekara da shekaru.

Rannan da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga Masta Owusu. Tare muka koyar a makaranta ɗaya da daɗewa, shi lissafi ni Turanci. Ba'asante ne, Kirista, amma a gefen Zongo ya tashi, don haka yana jin Hausa irin tamu ta kan hanya. Bayan ya yi ritaya sai ya riƙa taimakawa a wani ɗan coci a unguwar Krofrom, inda yawancin masu zuwa mutanen arewacin Gana ne, da kafintoci daga unguwar Anloga, da masu dako, kowa da yarensa, Hausa kaɗai ta haɗa su. Ya zauna, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, sannan ya fito da wani baƙin littafi daga jaka. Linjila ce da Hausa, bugun Najeriya.

"Ticha Idi, magana na kawo maka," in ji shi. "Littafin nan Hausa ne, amma in na karanta, mutanena ba su ji koraa, ko kaɗan. Ni ma rabi na ji. Kai ne ka san Hausa na gaskiya. Zo ka koya mini."

Na ce, "Masta, ka san ni Musulmi ne."

"Na sani. Ba addininka na zo saye ba. Bakinka nake so."

Na yi dariya, kuma rabon da in yi dariya an daɗe. Na ce masa coci dai ba zan je ba, amma barandar gidansa ba ta yi mini laifin komai ba. Haka muka fara. In na yi walaha sai in hau trotro, motar hayarmu, zuwa Krofrom, mu zauna a barandarsa da ruwan sanyi a tsakaninmu, kafin azahar na dawo Zongo. Ya ce mu fara da misalai, wato gajerun labaran da Kiristoci ke cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya riƙa ba mutane. Ni da niyyar gyara wa Masta baki na je, kamar yadda na saba gyara wa kowa. Ban yi zaton labaran za su kama ni ba.

Abin da ya kama ni ba aƙida ba ce, wannan tawa tana nan inda kakanku ya ajiye ta. Salo ne. Na ƙare ƙarfina ina gaya wa yara su ƙawata insha'i, su siffanta gari, su siffanta fuska, su sa wa kowa suna. Sai ga labarai da ba su yi ko ɗaya ba. Wani mutum, shi ke nan, ba suna ba gari. Wani manomi ya fita shuka. Wata mace tana kwaɓa gari. Wani makiyayi ya duba garke ya ga tunkiya ɗaya ba ta nan. Ba a gaya maka dogo ne ko gajere, aiki kawai ake jera maka, ya tashi, ya tafi, ya nema, ya samu. Sau da yawa abu zai faru, ya sake faruwa, sai a karo na uku ya juya ta inda ba ka zata ba. Ba tatsuniya ba ce, don babu dabba mai magana, ba kuwa a rufe ta da ƙurunƙus kowa ya tafi ya kwanta. Wani lokaci da tambaya ake ƙarewa, wani lokaci labarin tsayawa kawai yake yi ya bar ka riƙe da shi. Har sunan ma mun yi gardama a kansa. Na ce "misali" ta yi siriri, mu da ita muke cewa alal misali. Na kawo "almara", na kuma mayar da ita da kaina, don almara tana da warin ƙarya, masu littafin kuwa ba ƙarya suka ɗauke shi ba. Muka bar misali a wurinta.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne na wani uba mai 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya karɓi rabonsa tun uban na da rai, ya yi nisa, ya lalatar da shi, yunwa ta koro shi gida. Uban ya tarbe shi da gudu, aka yi yanka, aka sa kiɗa. Babban ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya tambaya aka gaya masa, sai ya ƙi shiga. Uban ya fito yana lallashinsa. A nan ne na ce wa Masta ya dakata. Babban, a duk cikin fushinsa, bai kira yaron da wata kalmar zumunci tsakaninsu ba, "ɗanka" kawai ya ce wa uban, kamar shi ba abin da ya haɗa su. Uban kuwa da zai amsa sai ya mayar masa da zumuncin da ya jefar. Duk labarin a kan wannan musayar yake tsaye. Amma a littafin Masta, kalmar da aka sa a bakin uban ita ce "ɗan'uwa".

Na ce, "Masta, a Kano wataƙila wannan kalma tana da nauyi. A Zongo ta tsufa. Yaron mota yana kirana ɗan'uwa in yana son in matsa. Wanda zai cuce ka a kasuwa da ɗan'uwa yake farawa. In ka karanta haka, mutanenka ba za su ji komai ba."

"To mi zan ce?"

"Ka ce ƙanenka. Hausa tana da wa tana da ƙane. In aka ce ƙanenka, an tuna maka wanda ka goya, wanda ka raka makaranta, wanda in an doke shi a waje kai za a fara tambaya. Ɗan'uwa kana iya zaɓa. Ƙane ba a tambaye ka ba aka ba ka."

Ya maimaita kalmar, ƙ ɗin ta ƙi fita a bakinsa yadda ya kamata, na sa shi ya sake har ya kusa. Mun cinye safiya guda kan kalma ɗaya, kuma ina gaya muku gaskiya, tun rasuwar Rabi ban ji daɗi irin na ranar ba. Na dawo gida ina tafiya kamar an rage mini shekaru. Da la'asar na sami Goggo a kan tabarmarta a inuwa, na rasa wanda zan gaya wa, sai na ba ta labarin daga farko, ban ɓoye mata inda na samo shi ba. Ta saurara, kanta a sunkuye. Da na yi shiru ta ɗago.

"To, babban ya shiga?"

Na ce, "Ba a faɗa ba, Goggo."

"Ba a faɗa ba kamar yaya? Ka manta dai."

"Nan labarin ya tsaya. Uban yana waje da shi, ana kiɗa a ciki."

Sai ta ce, "Wanda ya yi labarin nan ya zauna a gida mai mutane."

Ba a jima ba magana ta fara yawo. An gan ni a Krofrom ina shiga gidan mutumin coci, an gan ni da baƙin littafi a buɗe a cinyata. Daga rumfar albasa labarin ya shigo gida. Wata rana bayan la'asar Yaya ya aika a kira ni zaure. Ya sa aka kawo Goggo ta zauna, don a yi a gaban babba. Ina so ku sani, Baba Babba ba wawa ba ne, ba kuwa mugu ba ne. Shi ya bar makaranta ya shiga rumfa don ni in ci gaba da karatu. Tun ina yaro Auta yake kirana, har na yi furfura bai daina ba. Ranar ma da shi ya fara.

"Auta, na ji magana, ina so in ji daga bakinka. Kana karanta littafin Nasara?"

"Ina karantawa, Yaya."

"Ka bar addini?"

"Tare muka yi la'asar yanzu."

"To me kake nema a ciki?"

Na ce Hausa nake gyara wa Masta, kuma yadda aka tsara labaran yana burge ni. Ya girgiza kai. Ya ce shi bai san salo ba, ciniki ya sani, kuma a ciniki wanda ya wanke wa wani kaya ya jera masa su da kyau ya taya shi sayarwa ne, ko bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce yaran Zongo nawa ne ke yawo ba karatu ba aiki, in maganar can ta zo musu da Hausar da ke shiga kunne, wa ya buɗe ƙofa? Na ce mutanen Masta Kiristoci ne tun daga garuruwansu, ba wanda aka je nema. Ya ce yau ne, gobe fa? Har yanzu ban ce maganarsa ba ta da nauyi ba. Daga ƙarshe ya ce abu ɗaya yake so, in daina zuwa Krofrom, shi kuma zai tsaya a masallaci ya wanke ni a gaban jama'a.

Na ce, "Littafin ba zai shigo gidan Baba ba, wannan na yi alkawari. Amma zuwa ba zan daina ba. Yaya, a gidan nan wa ke magana da ni?"

"Ka je masallaci."

"Ina zuwa. Ana gaisawa a watse."

Ya tashi yana gyara rigarsa. Goggo ta juyo da fuskarta inda take jin motsinsa.

"Tanko, zauna. Ƙanenka ne fa."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya amsa mata da ladabi, muryarsa a ƙasa.

"Goggo, ai ban ce ba ɗan'uwa ba ne."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaya bai taɓa jin labarin uban nan da 'ya'yansa ba, bai san gardamar da muka yi da Masta ba. Bakinsa ne kawai ya san wace kalma ce mai nauyi wace ce marar nauyi, ya zaɓi marar nauyin ya ba ni. Na zauna a zauren nan har Goggo ta ce in kama ta mu shiga ciki.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na san in na daina zuwa komai zai koma daidai, Yaya mutum ne mai cika alkawari. Amma na san kuma abin da zan koma: kujerar ƙofar gida, gaisuwa, da jiran kiran sallah. Akwai taurin kai a ciki, ba na musu, mu biyun a wurin kakanku muka gada. Akwai kuma cewa in na daina, na amsa laifin da ban yi ba. Safiyar da na yanke shawara na sa takalmi na fita ta zaure, ba ta ƙofar baya ba. Yaya na zaune yana shan koko. Na gaishe shi ya amsa, ya bi ni da kallo har na kai titi.

Ba wanda ya yi mini faɗa, ba wanda ya kore ni. Abubuwa ne suka riƙa janyewa a hankali. Jikokin da ke zuwa ɗakina da aikin makaranta suka daina zuwa, iyayensu mata sun sama musu wani wuri. Tuwon dare da muke ci tare da Yaya a zaure sai aka fara kawo mini nawa ɗaki a rufe, da miya mai kyau, da nama, ba abin da aka rage. A sahu, mutumin da ke gefena yakan ɗan janye ƙafarsa. Yaya ya daina cewa Auta, ya koma Malam Idrisu, da girmamawa sosai. Masta ya lura na rame, ya tambaya, na gaya masa.

"Ticha, mu bar shi. Ban so in ɓata maka gida."

Na ce, "An riga an biya, Masta. Buɗe littafi."

Muka ci gaba har muka gama misalan duka, na mai shuka, na ma'aikatan gona, na mutumin da 'yan fashi suka bari a hanya. Da damina ta yi nisa ciwo ya taɓa Masta, gefe guda na jikinsa ya ƙi aiki, bakin da na sha wahalar gyarawa ya karkace. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi Sunyani. Kafin su tafi na je na yi masa sallama, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, maganar ba ta fita. Daga ranar ba ni da dalilin zuwa Krofrom. Na daina zuwa, kowa a gida ya ga na daina, amma ba abin da ya dawo, don Yaya ya san ba don shi na bari ba. Duk da haka ina roƙonku, kada ɗayanku ya rage masa gaisuwa saboda ni. Shi ya yi muku huɗuba a kunne ranar da aka haife ku.

A ƙarshen wannan shekarar aka yi babbar Sallah. Kuna iya tunawa da yadda muke yi a gidanmu. In an sauko daga idi, Yaya ke yanka, ni ke riƙe ƙafafun rago. Hanta ake fara gasawa, mu biyu mu ci a kwano ɗaya a tsaye kafin kowa ya taɓa komai. Daga baya a raba nama, na gida ya tafi tukunya, na maƙwabta da 'yan haya a ƙulla a baƙar leda, Yaya da kansa ya bi ƙofa ƙofa ya miƙa, Musulmi da Kirista bai ware kowa ba. Ranar na dawo daga idi na cire babbar riga, na naɗe hannun 'yar ciki, na zauna a bakin gado ina jiran kira. Na ji kukan rago, na ji muryar wani mahauci da aka ɗauko, na ji kabbara. Daga baya ƙamshin hanta ya shigo ta taga. Na warware hannun rigata.

Wajen azahar na ji Yaya yana bin ɗakunan baya, yana sallama ana amsawa. Sai takunsa ya tsaya a ƙofata. Ya yi sallama, na ɗaga labule. Yana tsaye da kwando a hannu, saura leda biyu ko uku a ciki. Ya tsufa a idona ranar, gemunsa fari fat. Muka kalli juna. Ina jin da ɗayanmu ya buɗe baki da wata magana dabam, da ta ƙare a nan. Ya ɗauko leda ɗaya ya miƙo mini.

"Ga ɗan abin Sallah."

Abin da yake gaya wa 'yan haya ke nan. Na sa hannu biyu na karɓa, na kuma ji bakina yana faɗin abin da su suke faɗi.

"Na gode, Alhaji. Allah ya maimaita mana."

Ya ce amin, ya wuce ƙofa ta gaba. Na saki labule na zauna da ledar a cinyata, da ɗuminta, na yi kukan da ban yi ba ko a ranar da aka binne uwarku. Da na gama na kwance ƙullin. Cinya ce, tsoka zalla, ba ƙashi ko ɗaya. Shi da kansa ya zaɓa, don ya san haƙorana ba sa iya ƙashi.